Kusurwar Ambulan

Ranar da muka binne matata na yi ƙarya, kuma ban san zan yi ta ba sai da na ji ta a bakina. Muna zaune a tsakar gidanmu a Samaru, matan zumunta sun gama waƙa suna rabon shinkafa, sai autarmu ta matso ta durƙusa kusa da kujerata ta ce, "Baba, akwai abin da Mama ta rubuta da hannunta? Ko layi ɗaya ne." Na ce mata, "Wasiƙunta suna nan, duk na ajiye." Ta kama hannuna ta fashe da kuka. Ni kuwa wata kaza nake kallo tana tsintar shinkafa a ƙarƙashin benci.

Babu wasiƙa ko ɗaya. Abin da nake da shi kusurwar ambulan ce, guda arba'in da ɗaya.

Sai na yi bayani, don yaran yanzu ko ƙofar gidan waya ba su sani ba. Idan ka rubuta wasiƙa ka manna kan sarki a kusurwar dama ta sama, sai ma'aikaci ya ɗauki wani ƙarfe mai mariƙin katako, ya dangwala a tawada, ya kwaɗa masa. Shi ke nan ya kashe shi, ba mai sake aiki da shi. Tabon da ƙarfen ya bari shi ne hatimi: sunan garin da wasiƙar ta taso da ranar da ta taso. Masu hankali kan sarki suke tarawa, mai hoton tsuntsu, mai hoton giwa. Ni abin da ya kashe shi nake tarawa, tun ina saurayi. An ce da ni mai tara shara, an ce aikin banza ne ya yi mini yawa. Su ta shafa.

Wani tsoho ne ya shafa mini wannan ciwo, mutumin kudu, mai gyaran agogo a bakin kasuwar Sabon Gari. Lokacin na fara aiki a ɗakin ajiyar iri na wurin binciken noma a Samaru. Aikina in rarraba dawa da gero da wake, kowane iri da gidansa da lambarsa. Na kai wa tsohon agogona, na tarar yana kallon wani guntun takarda da gilashin da yake maƙalawa a ido. Na tambaye shi. Ya ce, "Kan sarki gwamnati ke bugawa, duk iri ɗaya. Hatimi kuwa hannun mutum ne. Dubi wannan yadda ya huda takarda. Mai shi ya yi faɗa da matarsa da safe."

Shi ya koya mini yadda ake yanka. Ya ce kada in taɓa yanke fuskar ambulan ita kaɗai. In haɗa gaba da baya in datse su tare da almakashi, yatsa uku ta nan, yatsa uku ta can. Ƙaro kuma a takardar baya ake shafa shi a manna a littafi, don in aka shafa a ta gaba zai ratsa ya ɓata tawada. Saboda haka duk kusurwar da na yanke kamar ɗan aljihu take, rufe ta sama da dama, buɗe ta ƙasa da hagu. Haka na yi wa kowace, ban taɓa saɓawa ba. Ni mutum ne da in aka nuna mini hanya, ko an gina gida a kanta sai na bi.

Rarrabawar kuwa tawa ce, kuma sunayen ni na raɗa musu. Akwai mai zobe ɗaya, na ƙananan garuruwa. Akwai mai zobe biyu, na manyan birane, yana da ji da kai. Akwai mai igiyar ruwa, wanda inji ke bugawa, layuka a lanƙwashe, babu hannun kowa a ciki, ba ya burge ni amma yana da gidansa. Akwai na jirgin ƙasa, wanda ake bugawa a cikin tarago jirgi na tafiya, shi ya sa kullum a karkace yake. Wanda rabinsa kawai ya fito na sa masa gurgu. Wanda sunan gari ya fito amma rana ba ta karantuwa, makaho. Sai na malalaci, wanda bai ma ɗauki ƙarfen ba, ya ja layi da biro a bisa kan sarki. Wannan har gobe in na gani raina ɓaci yake. Haba! An ba ka aiki guda ɗaya tak a duniya.

Matata a Sabon Gari aka haife ta. Iyayenta daga kudu suka zo, uwarta na sayar da yadi, amma ita Hausa take ji kamar jakin Kano, kuma bakinta ba ya ajiye magana. A ƙungiyar mawaƙan coci muka haɗu. An yi mana baiko ke nan ta sami makarantar koyon jinya a wani ƙaramin gari can kudu, shekara uku. Ta riƙa rubuto mini.

Hatimin garin nan, wayyo! Mai zobe ɗaya ne, tsohon yayi, da 'yar tsaga a gindin zoben. Ban taɓa ganin irinsa ba. Allah ya sani ina karanta wasiƙun, wasu har sau biyu. Amma almakashi nake fara ɗauka. In na gama karantawa kuma, wasiƙar ta bi hanyar da takarda ke bi a ɗakin gwauro. A kunna risho, a ƙunshe ɗan iri, a share fitila. Ban ɗauke shi laifi ba. A ganina na karanta, magana ta shiga kai, mai maganar kuma tana nan da ranta za ta dawo.

Bayan wasiƙa ta takwas ta zo hutun Kirsimeti. Ta kawo mini abinci ɗakina, ta ajiye kwano a tebur, sai ta sunkuya ta zaro wata takarda da na ninke na tokare ƙafar teburin da ita. Ta warware. Ta karanta har ƙarshe, a tsaye.

Ta ce, "Ashe nan nake kwana."

Na fara kame-kame. Ta yi dariya ta ce in nuna mata abin da nake ajiyewa. Ni kuma sakarai, sai daɗi ya kama ni, na ɗauko littafi da almakashi na nuna mata yadda ake haɗa gaba da baya, har ina mata bayanin ƙaro. Ta sa ɗan yatsanta a cikin wata kusurwa ta ɗaga ta kaɗan, ta saki. Ta ce, "To, Oga Hatimi. Na gane." Ta ninke wasiƙarta ta mayar ƙarƙashin ƙafar tebur, ta ce kada miya ta zube.

Daga nan ambulan ɗinta ya canza. Ta daina saye, ta koma ninke nata da takardar makaranta. Takardar na da laushi, tawadar hatimi na ɗan bazuwa a kai. Har ƙorafi na rubuta mata. Ta amsa cewa mai sayar da ambulan na garin ya yi ƙaura.

Ta dawo, muka yi aure, muka haifi huɗu. Sunan nan na Oga Hatimi bai bar ni ba. Duk yammacin da ta same ni a baranda da littattafaina sai ta ce, "Oga Hatimi, yau ma waje kake kallo?" In ce, "To ina zan kalla?" Ta ce, "Oho," ta wuce kicin. Shekara arba'in da ɗoriya ana wannan. Na ɗauka ba'a ce irin tata, don ba ta rasa ta yi.

Auta a makare ta zo mana. Kafin ta iya karatu hannun uwarta na dama ya fara rawa, har ya raba ta da aikin jinya. Yarinyar ba ta taɓa ganin rubutun uwarta ba, sai dangwalen yatsa a takardun asibiti. Shi ya sa ta tambaya, ita da ba ta cika roƙona komai ba.

Mako uku muka yi a asibiti a Shika. Da likita ya fito ya faɗa mini ta rasu, na ce masa na gode. Na tattara filas da kwanuka da tabarma, na ƙirga cokula, ɗaya ya ɓata, na koma na nemo shi. Tun daga ranar ban ji komai ba. Ba ina nufin na daure ba ne. Fasto ya tsaya a gaban jama'a ya yabi bangaskiyata, mutane suna ta cewa Baba akwai haƙuri. Babu haƙuri, babu bangaskiyar da ta fi ta kowa. Ka san in ka daɗe zaune a kan ƙafarka, ka tashi ka mintsine ta ba ka ji ba? To haka nake, tun daga kai har ƙasa. Ina cin tuwo don an ajiye. Ina zuwa coci don Lahadi ce. Da safe in fito baranda in buɗe littattafai, in duba mai zobe biyu, in duba gurgu, in rufe. Su ma ba daɗinsu nake ji ba. Hannu ne kawai ya saba.

Wata rana na hau keke mai ƙafa uku na je wani ƙaramin gidan waya da na saba zuwa, ban san me ya kai ni ba. Na sayi kan sarki na manna a ambulan wanda babu komai a ciki, na rubuta sunana. Matar da ke kanta ta daɗe tana laluben durowa kafin ta samo ƙarfen. Soson tawadar ya bushe, sai da ta ɗiga masa ruwa. Ta buga, ya fito makaho. Da can da na yi mata wa'azi. Na karɓa na ce ta gaida gida.

Wata huɗu bayan jana'iza auta ta kira daga Kaduna, inda take aiki. Ta ce, "Baba, ranar Asabar zan zo in ga wasiƙun Mama. Ba zan tafi da su ba, hoto kawai zan ɗauka." Na ce Allah ya kawo ta lafiya.

Kwana biyar na yi ina birkice gida. Na buɗe Littafi Mai Tsarki na matata, babu ko ɗigo, ita ba ta rubutu a cikinsa. Littafin waƙoƙinta akwai suna a bango, amma rubutuna ne. Gwangwanayen kicin, rubutuna. Bayan hotuna, rubutuna. A gidan nan ni ne mai kyan hannu, komai ni ake miƙo wa, ni kuma ina jin daɗin hakan. Na cika gida da rubutuna tsaf-tsaf kamar ɗakin ajiyar iri.

Ranar Alhamis na je Sabon Gari wajen yayar matata, wadda ta gaji shagon yadin. Ta ce, "Mijinmu, me kake nema haka ido duk ya faɗa?" Na faɗa mata. Ta ce akwatin ƙanwarta na makaranta ya daɗe a ɗakin baya, wata damina ruwa ya shiga, gara ta ƙarasa sauran. Sannan ta dube ni ta ce, "Ba kai ta yi shekara uku tana rubuta wa ba?" Na ce ni ne. Ta ci gaba da auna yadi.

Asabar ta zo, auta ta iso da hantsi. Ta ƙi cin abinci, ta ce tukuna. Na fito da littattafai huɗu na jera a tabarma a baranda. Huɗu ne saboda ko kusurwoyin uwarta ba a wuri ɗaya suke ba. Ban rarraba su da sunan mai aikowa ba, da irin hatimi na rarraba. Yawancinsu na cikin mai zobe ɗaya. Bakwai na cikin makafi, uku na cikin guragu, biyu na cikin na jirgin ƙasa. Na buɗe mata shafi-shafi ina nunawa.

Ta ce, "Baba, ina wasiƙun?"

Na ce, "Ga abin da ya rage."

"Wannan ai kunnen ambulan ne."

"Shi ne."

Ta dube ni. Ta ce, "Ka zubar da maganar Mama ka ajiye tambarin gidan waya?"

Na ce, "E."

Ina jiran kunya ta kama ni, ko wani abu ya motsa a ƙirjina. Shiru. Ina ma lura cewa ta ɗora gwiwar hannunta a kan shafin masu igiyar ruwa, har na buɗe baki zan ce ta ɗaga. Allah ya taimake ni na rufe.

Ba ta yi kuka ba, ba ta tashi ba. Ta zauna tana shafa ɗaya daga cikin kusurwoyin da yatsa, ina jin don dai hannun uwarta ya taɓa takardar. Ƙaron ya tsufa, sai kusurwar ta ɓalle ta zo hannunta. Ta riƙe ta tsakanin yatsu biyu, ta ɗan matsa gefe da gefe, aljihun ya buɗe baki. Ta kai ido.

Ta ce, "Baba, akwai rubutu a ciki."

Na ce ba zai yiwu ba. Ta miƙo mini. Na maƙala gilashin da tsohon nan mai gyaran agogo ya bar mini. Shuɗin biro ne, ƙanana-ƙanana, daidai bayan kan sarki, a cikin fuskar ambulan. Ba a iya karantawa sai an tsarge ninkin sama, kuma hatimin ya hau har kan ninkin.

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Abin da ya fara zuwa mini shi ne, in aka tsarge, hatimin ya lalace. Wannan tunanin ya zo, ya zauna, na gan shi sarai. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko reza. Ni na tsarge da hannuna.

An rubuta: "Yau na yi allurar farko. Mutumin bai mutu ba."

Auta ta yi wata irin dariya ta toshe baki. Ta ce, "Haka y ɗinta take? Dubi wutsiya!" Muka hau ɓamɓaro sauran. Takwas na farko, masu ambulan ɗin kanti, babu komai a ciki. Duk na takardar makaranta kuwa akwai. Ashe mai sayar da ambulan bai yi ƙaura ko'ina ba. Tana ninke nata ne don ta sami yin rubutu a ciki kafin ta rufe.

Auta ta ce mu jera su yadda suka zo. Masu rana ba wuya. Makafin ne suka tsayar da ita, ta ce waɗannan ba yadda za a yi a san wurinsu. Na ce akwai. Tsagar nan ta gindin zobe ba tsaye take ba, ƙarfen na tsufa tana ƙara faɗi. A shekarar farko siririya ce kamar gashi, a ta uku har ta cinye harafi guda na sunan garin. Na bi su da gilashi ɗaya bayan ɗaya, kowane makaho na sa shi tsakanin 'yan'uwansa. Shekara hamsin ina wannan aiki, ranar ce kaɗai ya yi wa wani amfani.

Ta fara karantawa da ƙarfi. Na tara ya ce, "Tunda nan kaɗai kake ajiyewa, nan zan zauna." Wani ya ce, "Ka ci abinci, ka rame a hoto." Wani, "An yi ruwa kwana uku, ina sha'awar masarar Samaru." Wani, "Ina kewarka. Ban sa a wasiƙa ba kada tebur ya ji." Wani kalma biyu ne kawai, "Na gaji." Wani kuma ta zana mutum ne mai ƙaton ido ɗaya riƙe da almakashi. Auta na karantawa tana ɗaukar hoto tana share hanci da bakin gyale. Ni ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya, a jere, ina gyara waɗanda iska ta motsa.

Na ƙarshe mai zobe ɗaya ne, ya fito ras, tsagar ta yi faɗi. Shi na fi so a cikinsu duka, na sha nuna wa baƙi shi. Na tsarge na ba ta. Ta duba, ba ta karanta da ƙarfi ba. Ta miƙo mini ta ce, "Wannan naka ne, Baba."

Na maƙala gilashi.

"Oga Hatimi, ranar da ka leƙa ciki ka faɗa mini. Ni ba zan faɗa ba. Ina jira."

Na cire gilashin na goge shi da riga na mayar, na sake karantawa. Bai canza ba. Na ɗaga kai. Ƙofar kicin na buɗe, daidai inda matata take tsayawa da yamma ta yi mini tambayarta ta wuce. Sai na ji wani zafi ya taso mini tun daga tafin ƙafa, irin na ƙafar da jini ya fara komawa cikinta, kuma ba ni da inda zan dafa.

Na ce, "Na gani."

Auta ta ce, "Na'am, Baba?" Ta ɗauka da ita nake.